Lambun da Aka Yi Misa a Kansa

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar nan da ke kumbura miki ƙafa? Mu nan kowa lafiya, sai gwiwar Mama da ke damunta, ita kuma ta ƙi zama wuri ɗaya.

Bayan gaisuwa, albishir nake miki. An zaɓi cocinmu ya karɓi babban taron matasan Katolika na bana. Ba irin wanda muke yi a harabar makaranta ba, kowa ya koma gida ya ci abincin rana. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, har da baƙi daga ƙetare, kuma mako guda za su yi a wurinmu. Ranar da Fada ya faɗa a ƙarshen Misa, yarana na ƙungiyar matasa sun yi ta ihu har sai da katikis, mataimakin Fada, ya buga tebur. Ni kaina ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kin san yaran nan, yawancinsu sun gama makaranta suna zaman gindin bishiya, gani suke an manta da su. Yanzu ga jama'a za ta zo ta same su har gida.

Gari ya ɗauka. Mai shayin bakin coci ya fara zancen sayen firji. Telan layinmu ya ƙara keke. An ce za a gyara hanyar nan da ta cinye miki takalma, a kuma ja mana ruwan famfo. Na zauna da 'yan kasuwa na yi musu bayani cewa baƙo zai ci, zai sha, zai hau babur, zai sayi tsaraba, kuma duk abin da ya kashe a garin nan zai kwana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Filin coci ba zai ɗauki jama'ar ba ranar babbar Misa, abin da ke jikin katanga kuwa lambun Baba ne. Kwamiti ya ce a roƙe shi aro na kaka ɗaya, a biya shi amfanin da zai rasa, bayan taro a mayar masa da abinsa. Ni aka aika, tunda ni ne ɗansa, ni ne kuma mai kula da matasa. Na tafi da dogon jawabi a bakina. Na same shi yana ban ruwa, laka har gwiwa. Ban kai rabi ba ya ce, "Malam, wa'azin ya isa haka. Wanda ya ba ni ne yake son aro, ai ba sai ya aiko mini da mai digiri ba."

Mama ce ba ta yi dariya ba. Ta ce tukunya ta sani ana aro a wanke a mayar, ita ba ta san yadda ake wanke lambu ba. Ta tambaye shi ko waƙoƙin matasa za mu riƙa zubawa a miya. Baba ya ce ƙafar mutum ba ta kashe ƙasa, ruwan farko zai sassauta ta, ya bi da fartanya, shi ke nan.

Na san abin da za ki ce. Lambun nan ne ya kai ki makarantar jinya, shi ya kai ni kwalejin malamai, kuma shi ne kaɗai abin da tsofaffin nan suka mallaka. Ban manta ba. Kaka ɗaya ce kawai, Yaya, ina kuma nan ina sa ido.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Na sami wasiƙarki, na yi murna da jin zazzaɓin ƙaramarki ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Faɗan da kika yi mini na karɓa, amma ban karanta wa Baba wannan gefen ba.

Aiki ya kankama, kuma sai yanzu na san irin cin da taro ke yi. Kowane gida an yanka masa abin da zai bayar. Abin da aka tara don rufin ɗakin shan magani an juya shi zuwa gina bayan gida na baƙi da hayar lasifika. An rufe makarantarmu da wuri don baƙi su kwana a azuzuwa, 'yan ajin ƙarshe ban ƙarasa musu darasi ba. Amma hanya ta gyaru, famfo kuma ya zo. Ranar da ya fara zuba, yaran unguwa da tufafinsu suka yi wanka.

Sai ga abin da ba mu shirya masa ba. Baba ya gama cire albasa, aka rushe katanga, sai ruwa ya sauka kafin lokacinsa. Ƙasar lambu kin san ta, baƙa ce mai laushi, shekara da shekaru tana shan taki. Motar wakilan Bishof ta shiga duba wuri ta kafe har ciki, sai da samari suka turo ta. Ɗan kwangilar da aka ba aikin dandamali ya ce ba zai kafa ƙarfe a kan wannan ba, dandamalin zai nutse da Bishof da bagade, teburin Misa, gaba ɗaya. Dole a zuba tsakuwa, a bi ta da motar daddalewa. Ya rantse bayan taro zai kawo katafila ya kankare ta tas.

Kada ki ce a bayan idon Baba aka yi. Fada da kansa ya zo gida, ya zauna a kan bencin tsakar gida, ya ce in Baba bai yarda ba za a nemi wata dabara, ko da za a raba jama'a gida biyu. Baba ya ce shi ba zai zama mutumin da bagaden Ubangiji ya nutse a cikin lakarsa ba. Da Fada ya fita, Mama ta ɗauki kofin da ya sha ruwa ta wanke shi da ƙarfi har na zaci zai fashe.

Tifofi suka yi ta shiga. An sare itatuwan lemon da ke tsakiya, wai za su tare wa jama'a gani. Rijiya an rufe bakinta da siminti kada wani ya faɗa. Baba kullum yana zuwa ya tsaya a gefe, hannu a baya, yana yi wa leburori sannu da aiki. Ranar da motar daddalewa ta hau fangalin da yake yayyafa iri, na ga ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar shi aka taka. Da ya lura ina kallonsa sai ya ce tsakuwa ce ta shiga takalminsa.

Mama ta daina kirana Auta, yanzu ɗan Fada nake. In ta zuba abinci sai ta ce a kai wa ɗan Fada, ko da ni kaɗai ne a tsakar gidan.

Duk da haka, da za ki ga yarana da kin ji sanyi. Waɗanda ba a ganinsu sai rana ta take, yanzu su ke riga ni zuwa coci. Sun koyi ba da taimakon gaggawa, sun koyi tsara jama'a, suna tafiya kafaɗa a miƙe. Wannan nake kallo in zuciyata ta fara rawa.

Ki sa mu a addu'a. Mama ta ce a gaishe ki, ta ce ke ce 'yarta.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Salama da alheri su tabbata a gare ku. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, murya kuwa babu ita.

An yi taro an gama, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Motoci sun yi ta sauke matasa har titi ya toshe. Wasu ba ma jin yarensu, amma da an ɗaga waƙa sai baki ya zo ɗaya. A gidanmu an sauke 'yan mata, Mama ta ce ba ruwanta da su, kafin kwana biyu na same ta tana yi wa ɗaya kitso tana yi mata faɗa wai ba ta cin abinci.

Zancen kasuwa kuwa, wasu sun dara, wasu sun koka. Mai shayi ya sayi firjinsa. Masu babur ba su sauka ba sai don shan mai. Tela ya ɗinka gyale da riguna har idonsa ya yi ja. Amma matan da suka sayi buhunan shinkafa suka kafa murhu a bakin hanya sun sha kashi, domin ashe kowane baƙo da tikitin abincinsa ya zo, wani babban kamfani ne daga birni yake dafawa yana rabawa a robobi. Ni ne na ce musu baƙo zai ci, ban san da tikitin ba sai da motocin suka iso. Ɗaya daga cikinsu ta tsayar da ni a hanya ta ce, "Malam, ga baƙinka nan a tukunya, zo ka kwashe."

Ranar babbar Misa, lambu ya cika har ba a ganin tsakuwa. Bagade ya tsaya daidai inda fangalin iri yake a da. Baba ya sa farar rigarsa ta aurenki. Aka sa shi cikin masu kai baiko, wato kyautar jama'a ga Ubangiji, ya hau dandamali, Bishof ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya faɗa a lasifika cewa ga mutumin da ya ba Allah wurin tsayawa. Jama'a suka yi ta tafi. Lokacin Jibin Ubangiji, da ake raba tsarkakakkiyar gurasa, limamai suka sauko suka bazu cikin taro, kowanne da mai riƙe masa laima, suna bi lungu lungu har bakin rijiya, har ƙarshen shinge. Na waiga na ga Baba a durƙushe a kan tsakuwa, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, Yaya, ko ranar da aka binne Kaka.

Kafin a watse, matasa suka kafa babban gicciyen da suka yi ta ɗauka a kafaɗa duk makon, a inda bagade ya tsaya. An ce na ɗan lokaci ne, don tunawa.

Yanzu sai kwashe shara da jiran katafila. Baba ya fito da irinsa ya shanya, ya kai fartanya wurin maƙeri. Na gaya miki za a mayar masa.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na daɗe ban rubuto ba domin ina jiran in sami labari mai daɗi. Ban samu ba, kuma bai kamata in ci gaba da yin shiru ba.

Katafila ba ta zo ba. Ɗan kwangila ya ce abin da aka biya shi na zubawa ne, kankarewa aiki ne dabam. Kwamiti ya karanta bayani a coci, ya ce gari ya amfana, haka ne kuma, amma asusun coci ya bushe, ɗakin shan magani ma yana nan ba rufi. An ba Baba na kaka ɗaya kamar yadda aka yi alkawari. Daga nan ba a ƙara tayar da zancen ba.

Na ce ba sai mun jira kowa ba. Na tara yarana, muka ari diga da shebur da baro, muka shiga daga gefen shinge. Aikin ya fi yadda na zata, tsakuwar ta kama kamar daɓe, amma muna ci. Ƙasar da muka tarar a ƙasa ta yi tauri, ta yi fari fari, sai dai ba ta mutu ba. Da taki da ruwa da haƙuri za ta dawo. Na ruga gida na kira Baba ya zo ya gani.

A nan ne abin ya tsaya, kuma ba daga inda nake tsoro ba.

Tun bayan taro, tsofaffin mata suka fara zuwa gindin gicciyen nan da yamma suna addu'a. Sannu a hankali wasu suka fara cire takalmi kafin su shiga. Matasan da suka zo taro sukan dawo daga garuruwansu su durƙusa a wurin, har wata ta kafa tebur tana sayar da kyandir. Na ɗauka wannan ba zai hana mu komai ba, a ɗauke gicciye a kai harabar coci, magana ta ƙare.

Baba ya zo, ya duba inda muka buɗe, ya karɓi diga daga hannuna. Ya ɗaga ta sama, ya tsaya haka, sai ya sauke ta a hankali ya jingine. Ya ce, "Malam, ka san abin da lambu yake ci?" Na ce taki. Ya ce in faɗi sunansa na gaskiya. Na ce kashin shanu da na kaji. Ya ce to, a nan ya ga an ɗaga Jikin Ubangiji da idonsa, shi ne nake so ya turo baron kashin kaji ya juye a wurin?

Na ce to a bar inda bagade ya tsaya, mu noma sauran. Ya ce in nuna masa sauran. Ya ce limaman nan ba inda ba su taka ba, a bakin rijiya an ba da Jibi, a jikin shinge an ba da, a nan inda muke tsaye shi kansa ya karɓa. Na ce masa ai Yesu a garken dabbobi aka haife shi, cikin warin taki. Ya ce Yesu da kansa ne ya zaɓi ya je inda takin yake, wannan dabam ne da a kwaso a kai masa.

Na kira Fada, ya zo ba ɓata lokaci, kuma wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce Misa ba ta mayar da gona coci. Ya ce shi ya sha yin Misa a gindin bishiya a ƙauyuka, yana naɗe kayansa awaki ke zuwa su kwanta a wurin. Ya ce lambu na Baba ne, in yana so gobe a ɗauke gicciye. Har ya ce masa umarni ne yake ba shi, ya koma ya yi noma. Baba ya durƙusa ya yi godiya, ya ce ya ji, kuma ya san Fada ya fi shi sani. Amma hannunsa ne ya ƙi.

Mama ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce Allah da ya ba shi baki bai ce ya ci tsakuwa ba. Shi dai yana zaune yana kallon ƙasa. Irin da ya shanya yana nan a kan buhu, kaji sun fara tsattsaga, bai kore su ba.

Yaya, na yi shekaru ina koya wa yara cewa su girmama abin da ke da tsarki. A wurin mutumin nan na koya. Yanzu ban san da wane baki zan ce masa ya rage ba. Ki rubuto masa, ko zai ji maganarki.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya saka miki da abin da kika yi niyya, amma kada ki aiko da kuɗin hayar katafila. Ki riƙe abinki, ki biya wa yara makaranta.

Na karanta masa wasiƙarki tun daga sama har ƙasa, wannan karon ban tsallake komai ba. Ya saurara, ya ce kin iya magana kamar uwarki, Allah ya yi miki albarka. Washegari ya sa rigarsa ya tafi wurin Fada ya ce ya bar wa coci lambun. Fada ya ƙi karɓa, ya ce ya je ya sake tunani. Baba ya koma, ya sake komawa. Ana cikin haka 'yan kasuwar bakin coci suka shiga maganar, domin masu zuwa addu'a suna sayen shayi da kyandir, suka ce a bar dattijo ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi. A ƙarshe aka karɓa. Don kada a bar shi haka, kwamiti ya ba shi aikin kula da wurin, ana ba shi ɗan abin da ba ya kai ƙarshen wata. Albashina ne ke cike sauran, kuma zai cike, kada wannan ya dame ki.

Yanzu da safe tsintsiya yake ɗauka. Yana share tsakuwa, yana kankare kakin kyandir, in ciyawa ta leƙo sai ya cire. Mama ta daina faɗa, ni kuwa na fi son faɗan. Ta koma kirana Auta, da wata murya da ba ta da ƙarfi. Shi ba ya ƙorafi ko kaɗan. In an gaishe shi sai ya ce ai shi ya ci riba, wa ya taɓa samun irin baƙonsa. Tun ina yarda har na fara shakka, domin ya rame, kuma in an zuba masa abinci rabi yake ci.

Makon jiya wakilai suka zo daga garin da zai karɓi taro na gaba, suna son su ga yadda muka yi. Ni na zagaya da su. Na nuna musu hanya da famfo, na kai su ɗakin shan magani su ga sama a buɗe, na gaya musu zancen tikitin abinci don kada matansu su ƙone. Da muka iso gindin gicciye, Baba ya ajiye tsintsiya ya tarbe su da fara'a. Suka tambaye shi ko yana ba su shawara su karɓa. Ya ce su karɓa da hannu biyu, albarka ce.

Har sun juya za su shiga mota, sai ya bi babbansu ya riƙe masa hannun riga. Ina kusa, na ji komai. Ya tambaya ko filin cocinsu zai isa. Mutumin ya ce a'a, amma akwai wani bawan Allah mai gona a jikin katanga, ana sa ran zai ba da aro. Baba ya rage murya ya ce, "In ya yarda, ku ce masa ya kwashe baƙar ƙasarsa ta sama, ya kai ta wani wuri ya tara, tun kafin a yi Misa a kanta. Ko da a kai zai ɗauka. Ku ce wani tsoho ne ya ce."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Baba bai yi ba. Ya tsaya har motar ta fita, sannan ya koma ya ɗauki tsintsiyarsa.

Ki zo in kin sami hutu, Yaya. Kada ki zo da faɗa, ba wanda za ki yi da shi. Ki zo dai ki zauna kusa da shi.

Mama tana gaishe ki, Baba yana sa miki albarka. Ki gaida maigidanki da yara.

Ni ne ƙaninki,
Auta